Yadda Ciki Ke Shiga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗuwar Ƙwai da Maniyyi da Kafuwarsa a Mahaifa

Akwai tambayoyin da mace ba ta yin su a layin awo, inda kunnuwa suka yi yawa. Sai an watse, sannan ta dawo ta raɓe a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ina da 'yar magana." Maza kuwa ba kasafai suke zuwa ba, sai dai su ba matansu sallahu, ko su turo saƙo ta waya bayan isha'i. Na tattaro waɗanda aka fi yi mini a kan makonni biyun farko na samuwar ɗan'adam, daga fitowar ƙwai zuwa kafuwarsa a mahaifa. Makonni ne da mace ba ta jin komai a cikinsu, ba ta da iko a kan komai, amma a cikinsu ake yanke yawancin abubuwan da daga baya ake ɗora mata laifinsu. Zan kira kowane abu da sunansa, a yi mini afuwa.

Wai da gaske mace ma tana da ƙwai? Ina yake zaune?

Tana da shi, da shi ma aka haife ta. A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai wasu gaɓoɓi biyu da kowannensu bai fi girman dabino ba. Su ne ma'ajiyar ƙwai. Jaririya tana faɗowa duniya da ƙwai miliyan 1 zuwa 2 a cikinsu. Kafin ta fara al'ada sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma waɗanda za su nuna har su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran a hankali suke shanyewa, jiki kuma ba ya ƙera sabo. Shi ya sa shekaru ke da tasiri a haihuwar mace: ƙwan da ya fito tana da shekara 40, shi ma shekararsa 40 ke nan a ajiye.

Girmansa kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, kamar ɗigon da tsinin allura zai bari a takarda. Ƙanƙantarsa ta sa aka daɗe ba a san da shi ba. Tun 1677 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙwayoyin maniyyi a madubinsa mai ƙara girman abu, amma sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan, a jikin karya. A tsakanin nan masana da yawa sun ɗauka namiji ne ke kawo ɗa cikakke, mace mazubi ce kawai.

Namiji shi ba rumbu gare shi ba, maƙera ce. Daga balaga marainansa suna ta ƙera sababbin ƙwayoyi, kowane rukuni yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya kammala. Zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi yau yana iya bayyana a gwajin maniyyinsa bayan wata biyu ko uku.

An ce rana ta 14 ce ranar ɗaukar ciki. Haka ne ga kowa?

A'a, 'yar'uwa, wannan lissafi ya ɓatar da mata da yawa. Abin da ya fi tabbata shi ne ƙwai yana fita wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Idan daga farkon wannan jini zuwa farkon na gaba kwana 28 ne, to rana ta 14 ta yi daidai. Mai kwana 35 kuwa ƙwanta sai wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuma tun rana ta 10. Ita wannan ta ƙarshe, in jininta yakan yi mako guda, to kafin ta yi wankan tsarki ta riga ta shiga kwanakinta. Dukkansu lafiyayyu ne. Zagaye daga kwana 21 zuwa 35 ba ciwo ba ne.

Ƙwai ba ya jira. In ya fito, awa 12 zuwa 24 gare shi, in bai haɗu da maniyyi ba ya mutu. Maniyyi ne mai haƙuri, yana iya kwana 5 da rai a jikin mace. Saboda haka kwanakin da ciki ke shiga guda 6 ne a wata: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka yi a kan mata 221 a Amurka, aka buga a 1995, ya nuna cewa duk cikin da matan suka samu a waɗannan kwanaki shida suka same shi. Gara maniyyi ya riga zuwa ya jira, da ƙwai ya fito ya tarar ba kowa.

Jiki yana ba da alama. Farin ruwa mai yauƙi, garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai, ba wari ba ƙaiƙayi, shi ne shaidar kwanakin sun zo. Abin da ke ba ni takaici shi ne mata da yawa suna ɗaukar wannan ruwan a matsayin sanyi, su dinga shan magani don ya ɗauke, alhali shi ne hanyar da maniyyi ke bi.

Ga ma'auratan da ke tare kullum, saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta wadatar, ba sai an riƙe kalanda ba. Inda lissafi yake da amfani shi ne gidan da maigida matafiyi ne, ko ɗan ci-rani, ko gidan da ake rabon kwana. Macen da ke da abokan zama uku, ana kwana bibbiyu, kwana shida take yi tsakanin girki da girki. Wata ya zo, kwanakinta mafi kyau su faɗa a girkin wata. Wannan kaɗai yana iya jinkirta ciki ba tare da kowa yana da ciwo ba.

Bayan mun sadu maniyyin yana zubowa waje. Shi ne ya hana ni ɗauka?

Ba shi ba ne. Abin da ke zubowa yawanci ruwan da ya yi dakon ƙwayoyin ne, su kuwa masu ƙarfi cikin mintoci suke shiga bakin mahaifa. Ɗaga ƙafa ko kwanciya awa guda ba a tabbatar yana ƙara komai ba. Abin da ke iya cutarwa shi ne cushe-cushe: matsi, da wasu kayan mata da ba a san abin da ke cikinsu ba, da wanke ciki da sabulu ko ruwan magani. Suna busar da ruwan da maniyyi ke buƙata, suna kuma buɗe wa cuta ƙofa.

To a ina suke haɗuwa, kuma yaya abin yake faruwa?

Ba a cikin mahaifa ba, kamar yadda mutane suka zata. Daga saman mahaifa akwai bututu biyu, kowanne wajen santimita 10, sun miƙa zuwa ma'ajiyar ƙwai. Bakin kowanne yana da wasu 'yan tsiraru kamar yatsu, su ke share ƙwan su jawo shi ciki idan ya fito. A faffaɗan ɓangaren bututun, kusa da bakinsa, nan ake haɗuwa.

Kafin maniyyi ya kai nan ya sha wuya. Namiji mai lafiya yana fitar da ƙwayoyi miliyoyi goma-goma, wani lokaci ɗaruruwan miliyoyi, a zuwa ɗaya. Farji wuri ne mai tsami, yana kashe da yawa. Bakin mahaifa yana tace waɗanda ba su da kyawun siffa ko ƙarfin iyo. A cikin mahaifa sojojin jini suna cinye wasu, wasu kuma su bi bututun da babu ƙwai a wannan watan. Waɗanda ke isa wurin ƙwan 'yan ɗaruruwa ne kawai. Su ma ba sa iya komai da isarsu. Sai sun yi awoyi a jikin mace, ruwanta ya sauya fatar kansu, sannan su samu ikon huda ƙwai. Ke nan jikin mace ba zaune yake yana jira ba, shi ke tacewa, shi ke turawa, shi ke ƙarasa shirya maniyyin.

Ƙwan yana lulluɓe da tarin ƙananan ƙwayoyin halitta, a ƙarƙashinsu kuma akwai ɓawo mai kauri. Kowace ƙwayar maniyyi tana da 'yar hula a ka mai ɗauke da sinadaran da ke narkar da hanya, jelarta kuma tana turawa. Idan guda ta ratsa ɓawon, sai wani sinadari a jikinta ya kama wani a jikin ƙwan kamar makulli da kwaɗo. Na maniyyin, masana a Japan suka gano shi a 2005 suka sa masa suna Izumo. Na ƙwan kuwa a Ingila aka gano shi a 2014, aka kira shi Juno. Da sun manne, ƙwan yana fesa wasu sinadarai da ke taurara ɓawon, ƙofa ta rufe. In aka yi rashin sa'a ƙwayoyin maniyyi biyu suka shiga, abin da aka samu ba ya rayuwa.

Daga nan sai gado ya haɗu. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da zaren gado guda 46, waɗanda ake kira kuromosom. Ƙwai yana kawo 23, maniyyi 23. Rabi da rabi ne, babu wanda ya fi wani. Wane rabin za a ɗauko kuwa, ba a hannun kowa yake ba, kuma kowane ciki sabon rabo ne. Shi ya sa idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, ko na farko ne ko na bakwai.

Matata 'ya'ya mata kawai take haifa. Daga wajenta ne?

Malam, ba daga wajenta ba ne. A cikin zaren gado akwai biyu da ke tantance jinsi, X da Y. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka, ba shi da wani. Maniyyi ne ya kasu biyu, rabi X rabi Y. In mai X ya shiga, mace ce. In mai Y ne, namiji. Gona ba ta mayar da gero dawa. Kai ma ba laifinka ba ne, domin ba ka da ikon zaɓen wanda zai shiga cikin miliyoyi. Babu abinci, babu jiƙo, babu ranar saduwa da aka tabbatar tana sauya wannan. Na ga matan da aka yi wa gori, wasu har aka sake su, a kan abin da jikinsu ba ya ma ɗauke da shi, alhali Allah da kansa ya faɗa a Suratus Shura cewa Shi ke ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza.

Da sun haɗu, ciki ya shiga ke nan?

Da saura. Bayan kamar kwana ɗaya ƙwan yana rabewa biyu, sannan huɗu, a rana ta uku ya kai wajen takwas. Duk wannan a kan hanya yake yi, ƙananan gasu da ke cikin bututu suna kaɗa shi zuwa ƙasa. Wajen rana ta huɗu yake faɗawa mahaifa. A rana ta biyar ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, da ƙwayoyin halitta ɗari ko fiye, kuma aiki ya rabu: wani ɗan curi a ciki shi zai zama jariri, na kewaye su za su zama mabiyiya. Har yanzu girmansa bai fi ɗigo ba, kuma yawo yake yi, bai kama komai ba. Sai ya fasa ɓawonsa ya fito, kamar ɗan tsako, kafin ya iya mannewa.

Yaya yake kafuwa a mahaifa?

Kafin in amsa, bari in raba wasu kalmomi biyu da muke cakuɗawa. Mukan ce "mahaifa ta fito" bayan haihuwa. Abin da ke fitowa mabiyiya ce. Mahaifa ita ce jakar da ɗa ke kwanciya a ciki, tana nan daram.

Kowane wata mahaifa tana gyara shimfiɗa. Bayan jini ya ɗauke, sinadarin istirojin yana sa fatar cikinta ta yi kauri. Idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari a ma'ajiya yana zama wani ɗan rawayan ƙulli mai fitar da sinadarin furojestaron, shi ke sa shimfiɗar ta yi laushi, ta cika da jijiyoyin jini da abinci, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka zuba taki. Amma danshin ba ya daɗewa. Kwanaki kaɗan ne, wajen huɗu, shimfiɗar ke karɓar baƙo. In ɗan tayi ya zo da wuri ko ya makara, ba za ta kama shi ba.

Yawanci a saman mahaifa yake sauka, sau da yawa ta bangon baya. Da farko ya jingina, sannan ya manne, sannan ƙwayoyinsa na waje su fara tona. Ba a saman shimfiɗar yake zama ba, nutsewa yake yi gaba ɗaya har ta rufe a kansa. Ana fara wannan kwana 6 zuwa 7 bayan haɗuwa, a gama cikin 'yan kwanaki. Binciken su Wilcox na 1999 ya nuna cewa kafuwar tana faɗawa tsakanin kwana 6 da 12 bayan fitar ƙwai, mafi yawa a rana ta 8 zuwa ta 10, kuma waɗanda suka makara sun fi saurin zubewa.

Ƙwayoyin da ke tonon suna shiga jijiyoyin jinin uwa, su buɗa su, su faɗaɗa su, don jini ya wadata. Wannan aikin yana ci gaba makonni. Idan bai yi zurfi yadda ya kamata ba, yana daga cikin tushen hawan jinin masu ciki da jijjigar da ke kashe mana mata a watannin ƙarshe. Ciwon da ake gani a wata na takwas, tun farkon ciki aka shuka shi, ba tare da mai cikin ta yi komai ba.

Akwai abin mamaki a nan da ba na gajiya da shi. Rabin ɗan tayi na wani mutum ne daban, kuma jiki bisa ɗabi'arsa yana yaƙar baƙo; shi ya sa wanda aka dasa wa ƙoda yake shan magani har ƙarshen rayuwa. Amma a wannan ɗan wurin sojojin jikin uwa suna sassautawa, wasunsu ma su taya gyaran jijiyoyin.

Da zarar ya kafu sai ya aika saƙo, wato sinadarin hCG. Shi ke gaya wa rawayan ƙullin nan kada ya mutu. In babu saƙon, bayan wajen kwana 14 ƙullin yana shanyewa, furojestaron ya sauka, shimfiɗa ta zube. Jinin al'ada ke nan: shimfiɗar da baƙo bai zo ba, ba dattin jiki ba.

Zan ji alamar kafuwarsa? Yaushe zan yi gwaji?

Yawancin mata ba sa jin komai. Wasu suna ganin ɗan ɗigon jini na kwana ɗaya ko biyu dab da lokacin al'ada. Ciwon nono da kasala ba hujja ba ne, domin furojestaron yana kawo su ko da ciki ko babu. Laulayi kuwa yawanci sai wajen mako na shida.

Tsinken gwajin fitsari hCG yake nema, kuma sai ya taru. A jira ranar da ya kamata jini ya zo bai zo ba, a gwada da fitsarin farko na safe. In bai nuna ba kuma jinin bai zo ba, a sake bayan kwana uku, domin a farkon ciki sinadarin yana ninkawa duk bayan kwana biyu zuwa uku. Wadda aka yi wa allurar fitar da ƙwai mai ɗauke da hCG ta sani cewa allurar kanta tana iya sa tsinke ya nuna layi biyu na wasu kwanaki.

Aurenmu mako shida, sikanin ya ce cikin mako takwas ne. Yaya aka yi haka?

Wannan tambaya ta taɓa kashe aure, don haka a saurara da kyau. Likitoci ba daga ranar saduwa suke fara ƙidaya ba, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke farawa, kuma na'urar sikanin da wannan ma'aunin aka saita ta. A wannan lissafin ciki mako 40 ne, kwana 280, alhali daga haɗuwar ƙwai da maniyyi mako 38 ne, kwana 266. Ke nan kullum akwai ƙarin mako biyu da babu ma ciki a cikinsu. Cikin da takarda ta ce mako takwas, mako shida da suka wuce ya shiga. Ban da haka, awon kansa yana iya sauka ko hawa da kusan mako guda a farkon ciki, kuskuren kuma yana ƙaruwa yayin da ciki ke girma. Ango, da uwar ango, kada a ɗauki takardar sikanin a yanke wa 'yar mutane hukunci. A koma wurin wanda ya yi awon ya yi bayani.

Na yi ɓari ciki yana ƙarami. Dakan da na yi ne ya jawo?

Allah ya mayar miki da alheri, 'yar'uwa. Kusan tabbas ba dakan ba ne. Ba duk ƙwan da ya haɗu da maniyyi ke zama jariri ba. Da yawa ba sa ma kafuwa, suna bin jinin al'ada ba wanda ya sani. Cikin waɗanda suka kafu, wani bincike na 1988 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari sun zube, yawancinsu kafin matan su san suna da ciki. Cikin da aka riga aka sani kuwa, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari yana ƙarewa da ɓari. Wajen rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren zaren gado ne, ɗaya ya yi yawa ko ya yi kaɗan tun ranar haɗuwa. Irin wannan ko kwanciya kika yi wata uku ba zai zauna ba. Shara, da ɗiban ruwa, da saduwa da miji ba sa fizge ɗan tayin da ya nutse a shimfiɗa. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya. In ya maimaitu sau biyu ko uku, a je a bincika sukari, da maƙoƙo, da daskarewar jini, da siffar mahaifa.

Mene ne ciki a wajen mahaifa?

Idan akwai amsa ɗaya da nake so kowane miji ya haddace, ita ce wannan. Wani lokaci ɗan tayi ba ya ƙarasa tafiyarsa, sai ya kafu a hanya. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin ɗari, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irinsa a bututu ne. Ɗan tayi bai san inda yake ba, tono kawai ya iya. Bututu kuwa siriri ne, ba ya miƙewa kamar mahaifa. Yawanci tsakanin mako na shida da na sha shida sai ya tsage, jini ya dinga zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Macen da ta yi ɓatan wata, sai ga ciwon mara mai tsanani musamman ta gefe ɗaya, da ɗigon baƙin jini, da jiri ko suma, wani lokaci da ciwo a ƙarshen kafaɗa, ba ta kemis ba ce, ba ta jiƙo ba ce, ba ta "bari gari ya waye" ba ce. A nemi mota a kai ta asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, a tafi da waɗanda za su iya ba da jini. Ƙarancin jinin da ake gani a zane ba ya nuna yawan wanda ya taru a ciki.

Ba a iya ɗauke cikin a mayar da shi mahaifa. In an gano da wuri, wani lokaci allura ta isa. In ya fashe, sai aiki. Macen da aka cire wa bututu ɗaya tana iya haihuwa da ɗayan. Abin da ya fi jawo shi tabo ne a bututu, daga ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba, ko tiyatar da aka taɓa yi, ko shan taba. Wadda ta taɓa yin sa ta je sikanin da wuri a duk cikin da ya biyo baya.

Tagwaye fa?

Iri biyu ne. In ƙwai biyu suka fita a wata ɗaya, kowanne ya samu maniyyinsa, sai a haifi tagwayen da ba lallai su yi kama ba, har a samu Hassan da Hussaina. Wannan irin yana bin dangin uwa, yana ƙaruwa da shekaru, kuma ya yi yawa a Afirka ta Yamma; garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna a kansa. Ɗaya irin kuwa ɗan tayi guda ne ya rabe biyu, su ne masu kama kamar an tsaga kara, wajen 3 zuwa 4 cikin haihuwa dubu a ko'ina a duniya. Gwargwadon jinkirin rabuwar, gwargwadon abin da za su yi tarayya a kai: mabiyiya, ko jakar ruwa, in ta yi latti sosai har jiki.

Ciki yana kwanciya shekara da shekaru sannan ya tashi?

Na san wannan magana tana da tushe a wurin iyayenmu, kuma abin da ya shafi hukuncinta na malamai ne. Ta fuskar jiki, akwai dabbobin da ɗan tayinsu ke dakatawa kafin ya kafu, kamar kangaru, amma ba a ga haka a ɗan'adam ba. Idan aka yi wa mai "kwantaccen ciki" sikanin, abin da ake samu shi ne cikin da ya mutu bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko ɗaukewar al'ada saboda rikicewar sinadarai, ko kuma tsananin son haihuwa da ya sa jiki ya kawo alamun ciki har da kumburi. Kowanne yana da abin da ake yi masa, kuma shekarun da ake jira ciki ya tashi shekarun ƙwai ne ke tafiya. Duk wanda ya ce miki kina da cikin da sikanin ba ya gani, ya kuma hana ki zuwa wani asibiti, ki guje shi.

Yaushe za mu je asibiti in shiru ta yi yawa, kuma wa za a fara dubawa?

Ko ga matasa masu lafiya, damar ɗaukar ciki a wata ɗaya ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba, amma fiye da takwas cikin goma suna samu a cikin shekara. In an shekara ana tare babu tsari babu ciki, a je. In matar ta kai 35, wata shida ya isa. In al'ada ba ta zuwa daidai, kada ma a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar wannan a rayuwarsa.

A je tare, kuma a fara da maigida, domin gwajinsa ya fi sauƙi da araha, ba ya kuma da zafi. A wajen rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum yana iya fitar da ruwa mai kauri babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Haihuwar da ya yi da uwargida shekara goma da suka wuce ba shaidar yau ba ce. Hangum bayan balaga, da kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon sanyi, da taba, da allurar ƙara ƙarfi mai sinadarin maza, duk suna rage maniyyi.

A wajen mata a ƙasashenmu, toshewar bututu na kan gaba: daga ciwon sanyi, wanda sau da yawa ba ya nuna alama, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da tsabta ba, ko tarin fuka, ko tsargiya a garuruwan bakin ruwa. In an samu ciwon sanyi, miji da dukkan matansa ake yi wa magani a lokaci guda, in ba haka ba ya dinga zagaya ɗakuna.

Maganin tazarar haihuwa yana lalata mahaifa?

Ba ya lalatawa. Ƙwaya da allura da ashanar hannu yawanci ƙwai suke hana fita, su kuma kaurara ruwan bakin mahaifa. In an daina, haihuwa tana dawowa. Allurar wata uku ce mai jinkiri, takan kai wata goma ko shekara daga ta ƙarshe. Shayarwa ma tana hana ƙwai fita, amma sai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ƙwai yana riga jini zuwa, shi ya sa mai goyo take iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba.

Dashen ciki da ake kira IVF, jaririn kwalba ne da gaske?

Ba a kwalba yake girma ba. Ana ba mace allurai don ƙwai da yawa su nuna, a zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a rene su kwana 3 zuwa 5, sannan a mayar da ɗan tayi mahaifa. Aikin bututu kawai aka karɓa. Kafuwar kuwa har yau ba a iya tilasta ta, shi ya sa ake iya yin komai daidai ciki bai zauna ba, musamman in shekaru sun ja. Jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta ranar 25 ga Yuli, 1978, a Oldham ta Ingila, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Edwards ya samu kyautar Nobel a 2010. Yanzu ana yin sa a Legas da Abuja da wasu biranenmu. Tun 1980 aka ba da fatawa a Masar cewa ya halatta in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, a mahaifarta, aure kuma yana nan, kuma a kan haka mafi yawan malaman Sunna suke. Cocin Katolika ba ta yarda da shi ba. Kuɗinsa yana da nauyi, don haka a tambayi asibiti yawan waɗanda suka haihu a cikin mata masu shekarunki, ba yawan waɗanda gwaji ya nuna ciki ba.

Akwai abin da zan yi tun kafin ciki ya shiga?

Akwai, kuma mai araha ne. Ki fara shan folik asid, maikurogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ki fara nema, ki ci gaba har mako na 12. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne wajen kwana 28 bayan haɗuwa, wato mako biyu kacal bayan ɓatan wata, lokacin da yawancinmu ba mu fara zuwa awo ba. Mai ciwon sukari, ko farfaɗiya, ko hawan jini, ko sikila ta ga likita tun kafin, domin wasu magungunan sai an sauya su, wasu matan kuma suna buƙatar folik asid mai ƙarfi, miligiram 5. Kada ki tsayar da maganin farfaɗiya da kanki. Kuma ki dinga rubuta ranar da jini ya fara zuwa kowane wata, ko a waya ko a bangon littafi, domin ita ce tambayar farko da za a yi miki a ɗakin awo, da ita kuma za a lissafa miki watan haihuwa.